Ƙwayar ƙarin jini a makaranta: a raba ta da shayi

Iyaye mata da wakilan lafiya na unguwannin Anu Araren, yarinyar da ta fara al'ada tana rasa sinadarin ƙarfe kowane wata, alhali da shi jiki ke gina jini. Kasala da jiri kan biyo ta har cikin aji. Shi ya sa tun 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar cewa, inda ƙarancin jini ya yawaita, a riƙa ba irinta ƙwaya ɗaya a mako, mai miligiram 60 na ƙarfe: wata uku ana sha, wata uku ana hutawa.

Uwa, ranar da malami zai raba ƙwayar, kada ɗiyarki ta fita da yunwa. Ko kunu ta sha, domin maganin kan tayar da zuciya idan ciki ba kome. Shayi kuwa, duk da darajarsa a gidajenmu na Abzin, yana rage ƙarfen da jiki ke ɗauka. A dakata da shi awa biyu bayan ƙwayar. Idan bayan gidanta ya yi baƙi, aikin maganin ne, kada a hana ta ci gaba. Amma idan zazzaɓi ya kama ta, a kai ta likita ranar nan, wakilin unguwa kuma ya sanar da malaminta.