Takardun Aikin Rigakafin Ƙanjamau da Sa Hannun Hakimi

Yawancin kuɗin da ake kashewa kan gwajin ƙanjamau da maganinta a ƙasar nan daga waje ya daɗe yana zuwa, watau daga Asusun Duniya da aka kafa a 2002, da shirin PEPFAR wanda Gwamnatin Amurka ta soma a 2003. Masu ba da kuɗin nan ba su zaga unguwannin birni su ga aiki da idonsu. Takarda suke karantawa.

Ga yadda lissafin yake tafiya. Ma'aikacin asibiti, kamar na Asibitin Murtala da ke kusa da Ƙofar Mata, yakan rubuta kowane gwaji cikin rajista. In wata ya ƙare sai a tattara jimla a kai wa ƙaramar hukuma, ita kuma ta miƙa wa Jiha, sa'an nan a aika Abuja. Bisa wannan jimla ake auna kayan gwaji da maganin da za a aiko. Wanda ya rage adadi, magani ya yanke wa marasa lafiya. Wanda kuwa ya ƙara don neman yabo, kaya su lalace a sito.

Inda abin ya fi shafar malamin hakimi shi ne taron wayar da kai. Akan kawo takardar mahalarta don hakimi ko mai unguwa ya sa hannu ya buga hatimi, wani lokaci ma bayan an watse. Tilas malami ya ƙidaya mutanen da kansa, ya duba kwanan wata, kada kuma ya kai wa hakimi takardar da aka bar gurbinta fari. Wannan ba tsanani ba ne. A 2016 masu binciken Asusun Duniya sun gano rasitan ƙarya na tafiye-tafiye da masauki a wani sashe na Ma'aikatar Lafiya ta Tarayya, har aka dakatar da biyan wasu kuɗi. Bayan da Amurka ta tsai da taimakonta na waje a farkon 2025, kowane sisi ya ƙara daraja.

Amma rajistar asibiti ba irin littafin haraji da jangali na dā ba ce, wanda hakimi yakan bi suna-suna. Nasa shi ne jimla kawai. Sunan mai cutar amana ne a hannun likita, domin a birni irin Kano, inda kowa ya san gidan kowa, suna guda in ya fita yana iya hana unguwa duka zuwa gwaji. Haka nan sakamakon gwajin kafin aure, wanda dokar Jihar Kano ta wajabta a 2024, ba a ajiye kwafinsa a ofishin hakimi.