Ƙaramin babur ɗin shiga daji: zai jure doguwar tafiya?

Wani malamin gona daga jihar Jigawa ya aiko da tambaya. Ya sayi Honda XR150L na hannu, yana zaga ƙauyuka da shi, yanzu kuma yana son ya je ziyarar dangi a Gembu, can kan tsaunin Mambila. Abokansa sun ce injin zai buga kafin ya kai Gombe. Yana son ya san ko gaskiya ne, da kuma irin kulawar da babur ɗin yake buƙata.

Malam, babur ɗinka zai kai ka Gembu ya dawo da kai. Nisa ba ya kashe irin waɗannan injuna. Abin da ke kashe su abu uku ne: ƙura, ƙarancin baƙin mai, da murɗe totur har ƙarshe na awa da awanni a kan kwalta. Abokanka sun ga injunan da suka buga, gaskiya ne, amma da za a buɗe su ɗaya bayan ɗaya, cikin ukun nan za a samu dalili.

Ka fara fahimtar abin da ke ƙarƙashinka. XR150L da 'yan'uwansa, irin su Yamaha XTZ125 da AG200 da Suzuki DR200, an ƙera su ne don su bi kwalta su kuma sauka burji. Silinda ɗaya gare su, iska ce ke sanyaya su, babu lagireto balle ruwa. Naka yana da inji mai cc 149, giya 5, tanki mai cin lita 12, ƙarfinsa kuma bai wuce na doki 12 ko 13 ba. Tsayinsa da dogon shakazobansa su ne suka sa yake ratsa kwazazzabo da gargada cikin sauƙi. Amma giyoyinsa gajeru ne, an yi su don jan nauyi a rairayi da hawa, saboda haka in ka kai kilomita 95 ko 100 a awa, injin yana dab da iyakar juyinsa. Zai iya yin haka na 'yan mintuna, in za ka wuce mota. Riƙe shi a haka daga Birnin Kudu har Darazo cikin zafin bazara shi ne zalunci. Ka tsaya tsakanin 70 da 80, ka riƙa sassauta hannu lokaci lokaci, ka tsaya duk bayan awa ɗaya da rabi ka sha ruwa injin ma ya huce.

Batun baƙin mai shi ya fi damuna, domin nan ne mutanenmu suka fi yin sakaci. Injin mota yakan ɗauki kusan lita 4 ko fiye. Naka kusan lita 1 kacal yake ɗauka, kuma wannan litar ita ce ke shafa fistan, ita ce ke wanke giya, a cikinta kuloci yake iyo, ita ce kuma ke kwashe wani kaso na zafin injin. Yawancin ƙananan injunan nan ba su da matatar mai ta takarda irin ta mota, sai 'yar raga da ke tare manyan tarkace. Ma'ana man yana saurin gajiya, kuma in ya ragu da kofi ɗaya, kashi mai yawa ne ya tafi. Littafin kamfani yakan ba da tazarar kilomita 3,000 ko sama da haka kafin juye. A ƙurarmu da zafinmu, shawarata ita ce kada ka wuce 1,500, in kuma yawancin tafiyar a burji ce, 1,000. Kowace safiya, kafin ka tayar, ka miƙar da babur ɗin tsaye a wuri mai daidai ka duba ma'auni. A doguwar tafiya ka duba har da rana, domin inji mai zafi da ke juyi da sauri yana shan mai ko da lafiyarsa ƙalau. Ka sayi mai na babur a cikin robarsa da hatiminta, mai alamar JASO MA a jiki. Wasu mayukan mota suna da sinadarin rage gogayya da ke sa kuloci santsi, na kwalba kuwa da ake aunawa a bakin titi babu wanda zai iya rantse maka da abin da ke ciki.

Sai matatar iska. Ƙurar da ta kuɓuce mata ta shiga silinda tana cin ringi da bangon silinda a hankali, har ka fara ganin hayaƙi mai shuɗi a salansa, mai yana raguwa, ƙarfi yana tafiya. Da hunturu, ko in kana bin bayan manyan motoci a burji, matata tana iya toshewa cikin 'yan kwanaki. Ka buɗe ka ga wace iri ce taka. In soso ce, a wanke da kananzir, a matse ba tare da an murɗa ba, a bari ta bushe, sannan a shafa mata mai kaɗan ya ratsa ko'ina. Soso busasshe ba ya kama ƙura, kuma bakanikai da yawa suna mayar da shi haka nan. In ta takarda ce, ba a wanke ta, wadda ta zo da danƙon mai a jikinta ma ko hura ta da iska ba a yi, sai dai a canja. Ka tafi da sabuwa a jaka. Kada ka yarda wani ya ce maka a cire ta gaba ɗaya don babur ya ƙara gudu.

Sarƙa tana da wata ƙa'ida da ta bambanta da ta Boxer ko Jincheng, kuma bakaniken da ya saba da waɗancan yakan kuskure ta. Saboda dogon shakazoba, duk lokacin da bayan babur ya nutsa, sarƙar tana ƙara ɗamewa. In an ɗaure ta tamau babur yana tsaye ba kowa a kai, da ka hau da kaya ka faɗa rami sai ta ja sufuroket da boris ɗin giya da ƙarfin da zai lalata su. A bar mata sassauci kamar santimita 3, ko abin da aka rubuta a jikin babur ɗin, sannan ka zauna a kai wani ya taɓa ya tabbatar tana motsi. Ka goge ta ka sa mai duk bayan kilomita 500, da kuma duk lokacin da ka ratsa ruwa. Mai kaɗan ya isa, domin in ya yi yawa yashi ne zai manne. Bawul kuma a duba tazararsa da injin sanyi kafin tafiyar, musamman da yake na hannu ka saya. Bawul mai 'yar ƙara bai kai wanda ya matse shiru haɗari ba, domin matsattsen shi ne ke ƙonewa.

Akwai hujjar da ta fi maganata ƙarfi. Ƙungiyar Riders for Health ta daɗe tana kula da baburan ma'aikatan lafiya a ƙasashe irin su Gambiya da Lesotho da Najeriya, a hanyoyin da suka fi naka muni. Tsarinta bai wuce koya wa mahayi dubawar kowace safiya ba, wato fetur, mai, daidaita sarƙa, ɗaure notuna, birki da taya, tare da canja kaya a kan lokaci kafin su lalace. Da wannan ne ƙananan babura suke shekaru suna kai allurar rigakafi ƙauyuka.

Yanzu ga inda babur ɗinka yake da rauni, kuma ba zan ɓoye maka ba. Na farko kayan gyara. Mai faci da bakaniken ƙauye kayan Boxer suka tara, mai taya inci 17. Tayarka ta gaba inci 19 ce, ta XTZ125 da DR200 kuwa 21, kuma za ka iya yin yini guda kana neman tib ɗinta tsakanin Bali da Serti. Ka ɗauki tib na gaba da na baya, kayan faci, famfo, ƙarfen cire taya, fulogi, wayar kuloci, mahaɗin sarƙa, lita 1 ta mai, da sifanun da suka dace da notunan ƙafafunka. Ka gwada cire taya a gida kafin ranar. Na biyu nauyi. Abin da irin wannan babur yake ɗauka, kai da kaya duka, bai wuce kilo 150 da 'yan kai ba. Kai kaɗai da jaka mai kilo 15 ko 20, lafiya lau. Kai da goyo da buhu a kan kariya, birki zai gaza, wayoyin gargaren baya za su fara tsinkewa, gaba kuma zai yi sako-sako a hawa. In da iyali za ka, ku shiga mota. Na uku sirdi, siriri ne mai tauri, bayan awa uku jiki zai gaya maka. Kilomita 250 zuwa 300 a yini ya isa, kuma ka sauka kafin magariba, domin fitilar ba ta isa tafiyar dare ba.

Wajen fetur kuwa ka yi sa'a. In ka riƙe gudun da na faɗa, lita ɗaya za ta ba ka kilomita 35 ko fiye, tanki ɗaya ya haura 350. Duk da haka ka cika a Jalingo, ka ƙara a duk gidan man da ka samu bayan nan. In dole ta sa ka saya wajen 'yan bumburutu, ka tace da ƙyalle mai tsabta, kuma ka san inda notin zubar da man kafireta yake, don ruwa da datti a can suke taruwa.

Daga Mayo Selbe hawa zai fara, Mambila kuwa ta haura mita 1,500 daga teku. Iska ta fi sirantaka a can, saboda haka babur mai kafireta zai rage ƙarfi, fulogi ma yana iya yin baƙi. Ba lalacewa ba ce, kada ka bari a kwance maka kafireta a hanya. Ka hau da giya ta biyu ko ta uku, a gangara ma ka bar shi cikin giya injin ya taya birki riƙo. Da damina kada ka shiga ruwan da ya kai bakin matatar iska. In ya mutu a cikin ruwa, kada ka tayar. Ka tura shi waje, ka cire fulogi, ka buga kik ruwan ya fita, ka duba mai. In ya koma kalar shayi mai madara, sai an juye kafin ka ci gaba.

Abu na ƙarshe ba na inji ba ne. Saboda matsalar tsaro, jihohi da ƙananan hukumomi da dama a Arewa sun sha taƙaita zirga-zirgar babura, wasu da dare, wasu gaba ɗaya, kuma dogon babur irin naka ya fi jan idon jami'ai a shingen bincike. Ka tambayi direbobin tasha halin da kowace hanya take ciki a makon da za ka tashi, ka riƙe takardun babur da lasisi da katin aikinka, ka sa hular kwano, ka sanar da gida inda za ka kwana kowace rana.

Ka juye mai, ka sa sabuwar matata, a duba bawul da sarƙa da wayoyin gargare mako guda kafin tafiya, sannan ka ɗaura kayanka ka yi gwajin kilomita 150 ka dawo. In babu abin da ya kwance, mai kuma bai ragu ba, ka kama hanya da asuba, Malam. Allah ya kiyaye hanya.