Jita da "Giant Steps": Ta Ina Za a Ɓullo Masa?

Tambaya: Na daɗe ina kaɗa jita, galibi a wajen bukukuwa da zaman hira da abokai. Kwanan baya na tsunduma cikin koyon jaz. Idan aka sa min bulus ko "Autumn Leaves", ina iya sakin hannu in ƙirƙiri nawa kiɗan nan take har a ji daɗi. Amma tun da na taɓa "Giant Steps" na John Coltrane na rasa inda zan sa kaina. Na haddace kod ɗinsa kaf, amma da an fara, kafin in gane inda ake an bar ni a baya. Yatsuna ne ba su da sauri, ko kuwa kiɗan ba na masu jita ba ne?
Mai karatu daga Jos

Amsa: Yatsunka lafiyarsu ƙalau. Wanda ya saba kaɗa wa 'yan biki dare guda ba za a ce hannunsa ya gaza ba. Abin da ke barin ka a baya kunne ne da ido. Kunnenka bai riga ya san inda kiɗan zai faɗa kafin ya faɗa ba, idonka kuma yana farautar kowane kod shi kaɗai a wuyan jita. Idan ka ƙara wa yatsu gudu alhali waɗannan biyun suna nan yadda suke, ɓata za ka riƙa yi da sauri kawai.

Bari mu fara duba abin da kake fama da shi. Coltrane ya ɗauki kiɗan nan a New York cikin watan Mayu na 1959, kamfanin Atlantic ya fitar da faifan a farkon 1960. Kimanin mako biyu kafin nan yana cikin ƙungiyar Miles Davis suka kammala "Kind of Blue", faifan da ke ɗauke da "So What", wanda ke zaune a kan kod biyu kacal tsawon awo 32. Sai ga shi ya fito da kishiyarsa: awo 16, kowanne bugu huɗu, an cusa kod 26 a ciki, ana gudun kusan bugu 290 a minti ɗaya. Ashirin daga cikin kod ɗin bugu biyu-biyu suke samu, wato ƙasa da rabin daƙiƙa. Zagaye ɗaya na kiɗan kimanin daƙiƙa 13 ne kacal. Babu kwanyar da za ta ce "yanzu ina kan kaza, tsaninsa kaza ne" a cikin wannan ɗan taƙi.

Ka koma ka saurari faifan, ka kasa kunne ga mai fiyano, Tommy Flanagan. Gwani ne na gwanaye, amma za ka ji jimlolinsa suna gutsurewa, yana tsayawa yana sake kamawa, har daga ƙarshe ya koma danna kod kawai kafin Coltrane ya dawo da saksofon ɗinsa. Shi Coltrane ya daɗe yana tisa wannan tsari a ɗaki, Flanagan kuwa bai samu wannan lokacin ba. A 1982 Flanagan ya sake ɗaukar kiɗan a faifan da ya yi don tunawa da Coltrane, ya kaɗa shi tsaf. Ina son duk mai koyo ya ji waɗannan biyun a jere, domin suna nuna cewa zama da kiɗan ne ke raba su, mutumin kuwa ɗaya ne.

Yanzu ga abin da zai sauƙaƙa maka. Ka ce ka haddace kod 26, to a gaskiya tara ne suke ta maimaituwa, taran nan kuma 'yan gida uku ne. Gidan B yana da C♯m7 da F♯7 da Bmaj7. Gidan G yana da Am7 da D7 da Gmaj7. Gidan E♭ yana da Fm7 da B♭7 da E♭maj7. Shi ke nan. Daga yau ka daina ganin D7 a matsayin wani baƙo mai zaman kansa. Ƙofar shiga gidan G ce. Haka B♭7 ƙofar E♭ ce, F♯7 kuma ƙofar B.

To me ya sa gida uku kawai ke wahalar da mutane haka? Saboda nisan da ke tsakaninsu. A yawancin waƙoƙi, idan za a sauya ki, maƙwabci ake shiga. Tsanin C da na G, alal misali, sauti shida cikin bakwai nasu ɗaya ne, don haka ko ka makara ba wanda zai lura. A nan kuwa tazarar gaɓa huɗu ce tsakanin kowane gida da na gaba, sun raba gaɓoɓi goma sha biyu kashi uku daidai. B da G sauti uku kawai suka haɗa: B da E da F♯. G da E♭ ma uku: G da C da D. Haka B da E♭. Babu ko sauti ɗaya da gidajen uku suka yi tarayya a kansa. Ke nan ba ka da wurin fakewa, idan ka makara da bugu ɗaya kowa zai ji.

Akwai kuma tarbiyyar kunne. Mu da muka tashi da garaya da gurmi, ko jitar mutanen Agadas irin su Bombino, kunnenmu ya saba da kiɗan da ke kafa gida ɗaya ya zauna, daɗin yana fitowa daga kari da maimaici da ado. Wannan dukiya ce, kuma za ta yi maka rana nan gaba. Amma sai ka koya wa kunnen wata sabuwar ɗabi'a, ta jin ƙaura tun kafin a tashi.

Saboda haka aikin farko ba na yatsu ba ne. Sa na'urar ƙirga bugu ta wayarka a kan 60. Kaɗa tushen kowane kod a tsirkiyoyi biyu masu kauri, kana rera shi da bakinka: B, D, G, B♭, E♭. Idan ya zauna, ajiye jitar ka rera kai kaɗai, sannan ka ɗauko ta ka duba ko ka sauka daidai. Idan tsallen ya yi maka wuya, ga wata dabara: a kan D7 ka rera A, a kan B♭7 ka rera F, domin dukansu suna cikin kod ɗin. Sai layin ya zama B, A, G, F, E♭, gangara ce ta gaɓa biyu-biyu da kowane kunne zai iya bi. Kada ka wuce wannan mataki sai ranar da za ka iya rera awo 16 ɗin kana tafiya a hanya.

Na biyu, kada ka faro daga farko. Rabin kiɗan na biyu, daga awo na takwas zuwa ƙarshe, ya fi sauƙi nesa ba kusa ba: awo ɗaya na shiri, awo ɗaya na zama a gida, E♭ sai G sai B sai E♭ kuma. Irin tafiyar da ka sani ce a "Autumn Leaves". Ka mallake shi tukuna, ka samu inda za ka numfasa.

Sai awo bakwai na farko, inda ake yin ta. A nan ina so ka ɗauki jitarka kana karantawa. Je ka tsirkiya ta uku, idan ka ƙirgo daga siririyar. Danna gaɓa ta 8, wannan D♯ ne, na ukun Bmaj7. Sauko gaɓa ta 5, C, na bakwan D7. Gaɓa ta 4, B, na ukun Gmaj7. Gaɓa ta 1, A♭, na bakwan B♭7. Sannan saki tsirkiyar haka nan, G, na ukun E♭maj7. Sauti ɗaya ga kowane kod: uku ƙasa, ɗaya ƙasa, uku ƙasa, ɗaya ƙasa. Kaɗa shi a hankali ba tare da kowa ya raka ka ba, za ka ji kiɗan duka yana motsi a cikin sauti biyar ɗin nan. A awo na biyar zuwa na bakwai tsarin bai canza ba, daga B kawai zai faro: B, A♭, G, E, D♯. Waɗannan su ne duwatsun da za ka taka ka haye rafin, kuma mai haye rafi dutsen gaba yake kallo, ba wanda ke ƙarƙashin ƙafarsa ba. Duk abin da za ka ƙara daga baya, ado ne tsakanin dutse da dutse.

Daga nan sai maganin ciwon da ya keɓanta da masu jita. Mun saba da siffa: mu koyi fasali ɗaya mu riƙa jan sa sama da ƙasa. A babbar tsirkiya G yana gaɓa ta 3, B ta 7, E♭ ta 11, sai ka ga mutum yana ta safa da marwa a wuyan jita, kowace jimla tana yankewa a inda hannu ya tashi. Ɗaure hannunka tsakanin gaɓa ta 5 da ta 9, ka haramta masa fita. Layin nan na ɗazu yana nan a ciki: 8 da 5 a tsirkiya ta uku, sannan 9 da 6 da 5 a ta huɗu. Nemo gidajen uku duka a wannan ɗan fili, har ya zama sauya gida matsar da yatsa ɗaya ne gaɓa ɗaya. Bayan ya zauna ka koma wani filin, misali 9 zuwa 13, ka sake.

Za ka ji ana yawan maganar tsarin 1-2-3-5, wato a kan kowane kod ka kaɗa sauti na ɗaya da na biyu da na uku da na biyar na tsaninsa: B, C♯, D♯, F♯, sai D, E, F♯, A, haka dai. Gaskiya ne Coltrane ya yi amfani da shi sosai a solonsa, kuma sauti huɗun suna cika bugu biyu cif. Ka koye shi, ka juya shi ta baya, ka faro shi daga na uku. Amma ina gargaɗinka da babbar murya: na sha jin matasa masu hazaƙa da suka maƙale a nan, suna zuba shi zagaye bayan zagaye babu numfashi, ba kuskure ko ɗaya, ba kuma abin da mai sauraro zai tafi da shi gida. Wannan yana damuna, domin wahalar da suka sha ta cancanci sakamakon da ya fi haka.

A nan ne gadonka zai taimake ka. Ɗauki 'yar gajeriyar jimla mai sauti uku da kari mai daɗi, irin wadda za ka kaɗa a biki mutane su gyaɗa kai. Maimaita ta a kan kowane gida, kana canza sautin da ya zama dole kawai. Bar awo guda babu komai. Shigo a bugu na biyu maimakon na ɗaya. Riƙe F♯ tun daga Bmaj7 har Gmaj7, domin yana cikin kod ukun farko duka, ka ji yadda launinsa ke sauyawa alhali yatsanka bai motsa ba. Pat Metheny, a faifansa "Trio 99→00" na shekarar 2000, ya kaɗa "Giant Steps" a natse, da sanyin kari irin na Barazil, sai kyawun tsarin ya fito fili. Ba wanda ya wajabta maka 290.

Idan har yanzu kana jin tsallen ya yi yawa, ka yi zango a "Have You Met Miss Jones?", waƙar Richard Rodgers da Lorenz Hart ta 1937. Tsakiyarta tana ratsa B♭ da G♭ da D, tazarar gaɓa huɗu-huɗu ita ma, amma tana ba ka lokacin shiri kafin kowace ƙaura.

Game da gudu, ƙara bugu biyar-biyar, kuma kada ka ƙara sai ka cika sharaɗi ɗaya. Ɗauki kanka a waya kana solo kai kaɗai, daga kai sai na'urar ƙirge. Saurara washegari. Idan kana iya jin inda kowane gida ya shigo ba tare da mai raka ka ba, ka ƙara. Idan ba ka ji, ka rage goma. Minti ashirin kullum sun fi maka awa huɗu ranar Lahadi. Idan ka haura 200 za ka ga tsinke ba ya iya bugun kowane sauti, sai ka riƙa haɗawa da sulɓi da bugun yatsun hagu.

Ranar da za ka kaɗa shi da mutane, ka ce musu gudun da kake so tun kafin a ƙirga, babu kunya a ciki. Idan ka ɓata a tsakiya, kada ka yi ta lalube. Ɗaga hannu, ci gaba da ƙirge da ƙafa, ka bi mai bes da kunne har a iso awo na tara, inda E♭maj7 ke zama awo guda cur, ka shigo da G a gaɓa ta 5 ta tsirkiya ta huɗu.