Ƙaton Zakara Da Baragurbi

A kasuwar Gwandu ko ta Kalgo, in mutum zai sayi zakara, sai ya kama ƙafafunsa ya ɗaga, ya ji nauyi. Mai nauyi shi ne mai tsada. Saboda haka yanzu mutane da yawa suna neman ƙaton zakara irin na gidan gona, su saka cikin kajinsu, don 'yan tsaki su gaji girma. Niyyar tana da kyau. Amma akwai abin da ya kamata mu sani kafin mu yanka zakaran gida.

Girman jiki ana gadonsa. In ka zaɓi manyan kaji ka haɗa su, cikin 'ya'yansu ka sāke zaɓen manya, haka haka, jiki zai yi ta ƙaruwa. Mutanen Amurka sun daɗe a kan wannan aiki. A shekarar 1948 har gasa suka yi, don a ga wanda zai fito da kaza mai ƙirji cike da nama. Daga irin wannan zaɓe aka sami kajin nama da muke kira burola. A shekarar 2014 masana na Jami'ar Albata, a ƙasar Kanada, suka ba da labarin wani gwaji. Sun kiwata kaji iri uku da abinci ɗaya, har kwana 56. Irin na shekarar 1957 bai cika kilo 1 ba. Na 1978 ya kusa kilo 2. Na 2005 ya wuce kilo 4.

To, me ya sami haihuwarsu?

Wani malami mai suna Paul Siegel ya fara gwaji a jihar Bajiniya ta Amurka a 1957. Ya raba kaji iri ɗaya kashi biyu. A kashi ɗaya yana zaɓen mafi nauyi, a ɗayan yana zaɓen mafi ƙanƙanta, kowace shekara. Bayan shekara 50 manyan sun ninka ƙananan wajen sau goma. Amma duka biyu haihuwarsu ta sami tangarɗa. Waɗansu cikin ƙananan suka ƙi cin abinci, ba su kai ga yin ƙwai ba. Manyan kuwa ba su san ƙoshi ba, suka tara kitse, ƙwansu ya rikice.

Ga yadda abin yake. Lafiyayyar kaza gwaiduwa ɗaya take nunawa a rana. Mai kitse takan nuna biyu ko uku a tare. Sai ka ga ƙwai mai gwaiduwa biyu, ko mai taushin ɓawo. Yara suna murna da ƙwai mai gwaiduwa biyu, amma da wuya ya ƙyanƙyashe. Shi kuma zakara, in ƙirji ya yi masa nauyi, ƙafafu sukan gaza. Ba ya iya bin kaza, in ya hau ma ba ya daidaita. Sai kaza ta yi ƙwai ba zakara a cikinsa, ta kwanta kwana 21 a banza, a tashi da baragurbi. Don haka ne manyan gidajen gona suke auna wa iyayen burola abinci, ba su barinsu su ci su ƙoshi. A wajen talotalo abin ya fi haka. Farin talotalo mai faɗin ƙirji da ake kiwo a Amurka ba ya iya barbara da kansa, sai ma'aikata sun ɗebi maniyyin namiji sun saka wa mace.

Mu kuma muna da ƙarin wahala, watau zafi. Da bazara, tsakanin Maris da Mayu, zafin ƙasar Kabi yakan wuce awo 40. Zafi yana rage ƙarfin maniyyin kowane zakara, amma mai ƙiba ya fi jigata. Sai ya laɓe gindin rumbu yana haki, kaji suna kiwo can nesa.

Bari mu yi lissafi. A ce kaza ta kwanta kan ƙwai 12. Da zakaran gida ta ƙyanƙyashe 10, kowane ya girma ya kai kilo 1. Kilo 10 ke nan. Da ƙaton zakara ta ƙyanƙyashe 4, kowane ya kai kilo 2. Kilo 8 ke nan. Wa ya ci riba? Ga shi kuwa manyan sun fi cin dusa, ba su kuma da saurin gudu in shaho ya kawo sura. A gidajenmu kaji galibi na mata ne. Da su ake sayen littafin yaro da maganin zazzaɓi, ba abin da za a yi caca da shi ba ne.

Ba muna cewa kada a gyara iri ba. A Shika, kusa da Zariya, akwai ma'aikatar binciken dabbobi ta Jami'ar Ahmadu Bello. Masanan wurin sun yi shekaru suna zaɓe, har a shekarar 2000 aka fito da kaza mai suna Shika Brown. Su ƙwai suka duba, da jure wa zafin ƙasarmu. Amma a lura, kajin ƙwai na gidan gona galibi sun bar kwanci. Wanda ya kawar da kajin gida duka, ba shi da mai kwanta masa. A ganinmu, wautar da ta fi kowace ita ce a sayi ragowar burolan Salla a bar shi ya zama uban garke. Don yanka aka yi shi.

In za ka zaɓi zakara, nemi mai matsakaicin girma, wanda ya ɗan ɗara sa'o'insa. Duba ƙafafunsa su zama miƙaƙƙu, zankonsa ja wur, yana cara, yana kiran kaji in ya sami tsaba. Zakara ɗaya ya isa kaji goma. Kada ya daɗe har ya riƙa hawan 'ya'yansa, gama auren dangi yana rage ƙyanƙyasa. Ka yi musanya da wani na Kalgo ko Jega, amma ka keɓe baƙon zakara mako biyu tukuna, kada ya kawo cuta. Kaza takan riƙe maniyyin zakara a jikinta har mako biyu ko uku. Saboda haka ƙwan da ta yi da zuwan sabon zakara, mai yiwuwa ne na tsohon ne. Kada ka yi saurin yabo ko zargi.

Ba sai ka jira kwana 21 ba. Ran da kaza ta cika kwana 10 kan ƙwai, ɗauko su cikin dare, ka haska kowane da tocila a ɗaki mai duhu. Mai rai za ka ga jijiyoyin jini a ciki kamar saƙar gizo. Wanda ba zakara sai ka gan shi garau. Cire shi, ka mayar da sauran da sauri kafin su huce. Sa'an nan ka buɗe littafinka ka rubuta ranar kwanci, da yawan ƙwan da aka saka, da yawan da aka cire, da zakaran da yake gidan. In kwanci biyu a jere an cire fiye da rabi, canja zakara.