Hanyoyin Ƙara wa Dasashi Kauri

Dasashi shi ne naman da ya kewaye gindin haƙora yana kare su. Idan kaurinsa bai wuce milimita 1 ba, yakan yi saurin janyewa ya bar saiwar haƙori a fili, har shan ruwan sanyi ya zama wahala. Likitan haƙori kan gane irin wannan dasashi ta hanyar zura siririn ƙarfen awo a ƙarƙashinsa. In an hango ƙarfen ta cikin naman, to ba shi da kauri.

Babu man goge baki da ke ƙara masa kauri, sai dashe. Hanya ta farko, wadda aka fara tun shekarun 1960, ita ce a yanko ɗan nama daga ganɗa, wato rufin baki, a ɗinka a wurin. Ta biyu, wadda ta bazu bayan 1985, ita ce a ɗebo naman cikin ganɗa kaɗai a cusa ƙarƙashin dasashin. Wannan ta fi dacewa da launin baki. Ta uku kuwa, ana amfani da fatar da aka sarrafa, ta mutum ko ta alade, don haka ya kamata majiyyaci ya tambayi asalinta.

Bayan dashe, shan taba na jinkirta warkewa, dirzar haƙora da burushi mai tauri kuma na iya mayar da hannun agogo baya.