Ranar da aka hana jarirai ruwan pampo a Tokiyo

Tokiyo shi ne babban birnin ƙasar Japon. Kowane gida yana da pampo, ruwan kuwa garau yake.

Ran 11 ga watan Maris na shekarar 2011, aka yi babbar girgizar ƙasa a Japon. Teku ya tumbatsa, ya afka wa ma'aikatar wutar lantarki ta Fukushima. Wannan ma'aikata da uraniyom take aiki, irin wanda ake haƙowa a Arlit. Injunan da ke sanyaya ta suka tsaya, ta lalace, guba ta fita ta bi iska. Cikin gubar akwai wadda ake kira iyod 131. Ba a ganinta, ba ta da wari, ba ta da ɗanɗano.

Tsakanin Fukushima da Tokiyo ya fi kilomita 200, amma iska ta kai gubar can. Bayan kwana goma aka yi ruwan sama, ya sauko da ita cikin kogin da ake jawo ruwan pampo. Ran 22 ga wata, ma'aikata suka auna ruwan a matatar Kanamaci, suka samu bekerel 210 cikin lita guda. Bekerel shi ne ma'aunin ƙarfin gubar. Iyakar da hukuma ta sa wa babba 300 ce, ta jariri kuwa 100. Kashegari aka yi shela: kada a ba jarirai ruwan pampo.

Me ya sa jarirai? Iyod taruwa take yi a wuya, daidai inda maƙoƙo yake fitowa. A jikin ƙaramin yaro tana iya kawo ciwon daji bayan shekaru.

Tafasawa ba ta yi maganinta. In an tafasa ruwan tabki, ƙwayoyin cuta sai su mutu. Iyod 131 kuwa ba ta da rai, balle ta mutu.

Nan da nan ruwan kwalba ya ƙare a kantuna. Hukumar birni ta raba kwalabe 240 000, kowane jariri uku.

Abin sa'a, wannan guba ba ta daɗewa: kowane kwana 8 rabin ƙarfinta yana tafiya. Kogi kuma ya yi ta gudu da ita. Ran 24 ga wata aka samu bekerel 79, aka janye hanin.

Tambayoyi
1. Ta yaya guba ta shiga ruwan pampo na Tokiyo?
2. Don me tafasa ruwan bai yi amfani ba?
3. In an ajiye ruwa mai bekerel 200, nawa zai rage bayan kwana 16?