Kafin Tifa Ta Hau Murfin Kwatar Gidanka

A aikinmu na injiniyan gini, idan za a zuba silab a kan kwatar ƙofar gida ko shago, mai gida yakan ce mana: "Ai ƙaramar mota ce kawai za ta riƙa shiga." Bayan 'yan watanni sai ya tashi ƙarin gini, tifa ta kawo yashi, silab ɗin ya burma.

Silab yana ɗaukar abin da taya ta ɗora masa ne, a daidai wurin da ta taka. Ana ƙiyasta faɗin wannan wuri ta hanyar raba nauyin da ke kan tayar da ƙarfin iskar da ke cikinta. Ƙa'idar ECOWAS ta ƙayyade tan 11.5 ga aksil ɗin baya guda ɗaya. Idan tayoyi huɗu ne a kansa, kowace tana ɗauke da kusan tan 2.9. Masu faci kan cika tayar babbar mota zuwa wajen 100 a geji. Da aka yi lissafi, wurin da tayar ke takawa wajen santimita 20 tsawo da 20 faɗi ne. Tunda tayoyin baya biyu-biyu suke, kusan tan 6 ne ke taruwa wuri guda, balle a ce an yi wa motar lodi fiye da kima.

Saboda haka ƙa'idar BS 5400 ta Birtaniya, wadda aka daɗe ana zana gadoji da ita a Najeriya, ta ce a gwada taya ɗaya mai nauyin kilonutan 100, wajen tan 10 ke nan, a kan murabba'i mai santimita 30.

Idan na je duba silab da ya lalace, ƙarƙashinsa nake leƙawa. Tsagar kan faro daga inda taya ke bi, kuma sau da yawa sai ka tarar rodin yana can sama, ko an taka shi ya kwanta a kan katako lokacin zubin kankare.

Kafin magini ya ɗaure rodi, faɗa wa injiniya mota mafi nauyi da za ta iya shigowa, ko da sau ɗaya ne a shekara: tifa, tankar ruwa, motar siminti. Idan an riga an zuba siririn silab, a sauke yashin a waje, a shigo da shi a baro.